Mervyn Direen, mai koya wa maza takun baya

Kowace Asabar, tun kasuwar bakin ruwa ta garinmu Hobart ba ta watse ba, Mervyn Direen, wanda muke kira Merv, ya buɗe tsohon sito na dutse, ya share daɓe, ya ɗora ruwan shayi. Shi ne mai kiran rawa: masu goge na kiɗa, shi yana faɗa wa mutane inda za su sa ƙafa. A watan nan zai ajiye aikin, gwiwa ta ce ta gaji, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da idanunmu suka gani.

Garinmu ya yi suna wajen karɓar baƙi, maza masu son maza da mata masu son mata, har otal-otal na rataya musu tuta. Amma tuta ba ta koya wa kowa rawa. Merv ne ya lura cewa da ya ce maza dama mata hagu, sai baƙin nan su koma kujera suna tafa wa wasu. Sai ya daina faɗin haka. Ya kawo ƙyallaye, mai ƙyalle ya ja gaba, marar shi ya bi. Da ƙaton tumbinsa na tsohon ɗan dako ya dage ya koyi takun mata, wato takun baya, matarsa Glenys na dariya har da hawaye.

Wata rana dattawa biyu suka zo daga wani ƙauye can arewa, Alwyn da Desmond. Tare suka tsufa, amma ba su taɓa rawa da juna a gaban mutane ba, don a bukukuwan garinsu kowa ƙanwar wani yake ja. Rawa da junan ce ta kawo su, don likita ya ce ƙafafun Alwyn ba za su kai shi baɗi ba. Kiɗa na tashi, kowa ya kai hannu ƙugun ɗan'uwansa, kowa ya tako gaba, suka gwara goshi. Ashe dukansu takun maza suka iya. Wani ya yi dariya, ba da mugunta ba, amma Alwyn ya ɗauki hularsa ya nufi ƙofa. Zuciyata ta karye masa.

Merv ya tare shi. "Ina za ka, dattijo, bayan na ci kwalliya saboda kai? Riƙe ni nan, in hannunka zai zagaye. Kai kuma Desmond, daina kallon kyauna, kalli ƙafata."

Ya bar Alwyn ya ja shi zagaye guda, Desmond na bayansu yana koyon takun baya yana mita wai da tsufansa aka mai da shi amarya. Daga nan Merv ya zame, ya haɗa hannuwansu. Rawar ba ta yi kyau ba, gaskiya. Amma da kiɗa ya ƙare Alwyn ya ƙi sakin mutuminsa, dole masu goge suka sake daga farko.

Merv, kai ne ka gane cewa maraba ba a baki take tsayawa ba. Mun gode, ɗan dako mai sauƙin ƙafa. Duk mai ƙofar da baƙo ke shiga a garin nan, ya koyi yadda ake tare wanda kunya ta kora.

Alwyn yanzu a keken marasa lafiya ake tura shi. Desmond ya ce har gobe Alwyn yana masa gorin cewa shi ne ya ja gaba.