Yaya Mai Ɗinki da Shari'ar Kurciya

Yayarmu tela ce. Ba mai yawan magana ba ce, don kusan kullum akwai allura ko guntun zare a bakinta. Shagonta yana tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga, ɗan tsukuku ne, in mutum uku suka zo sai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Ta yi aure, mijin ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Da ƙanwarmu ta rasu ta bar jaririya, Yaya ce ta naɗe ta a zani ta kawo ta gida. Uban yarinyar ya zo gaisuwa, ya share hawaye, ya ce zai je neman aiki ya dawo. Shiru kamar an aiki bawa garinsu.

A ƙarƙashin teburin yanka yarinyar ta girma, tana wasa da ƙyallaye. Kurciya muke ce mata, saboda ko kuka take yi ba ta ɗaga murya. Sai da ta yi nisa a firamare sannan aka kawo wa Yaya sammaci. Uban ya dawo da tumbi da mota da lauya, yana neman kotu ta ba shi 'yarsa.

Ni direban tasi ne, ni nake kai ta. Mun leƙa ofishin lauyoyi, abin da suka nema ya fi ƙarfinmu, muka fito jiki a sanyaye.

"Ƙyale su," in ji Yaya. "Ni na goya ta, ni na yi jinyar ƙyandarta. Wannan ma sai na ɗauko wani ya faɗa a madadina?"

Da ta san inda za ta shiga, da ba ta faɗi haka ba. Tun daga matakalar kotun zarni yake tarbar mutum, don ƙofar banɗakin ta karye ba a gyara ba. Benci ɗaya ne a barandar, masu goyo a tsaye, tsofaffi a ƙasa. Magatakarda yana cin gyaɗa yana tofar da ɓawo kusa da ƙafafun mutane, in ka yi masa tambaya sai ya nuna maka wata taga da haɓa. Masinja kuwa da ƙarfi yake kiran ƙara, har da abin da ya haɗa mutane, yadda kowa zai ji wace ce aka saka, wane ne ya ƙi ciyar da 'ya'yansa.

A ciki lauyan uban ya yi ta zuba da yaren da Yaya ba ta ji, yana buɗe littattafai. Ta miƙe za ta yi magana, alƙali ya ce ba yanzu ba. Ta zauna ta jira. Da ta sake miƙewa aka ce an wuce wurin. Aka ɗage zama. Haka aka yi ta ɗagewa, tana rufe shago, masu ɗinki suna kwashe kayansu suna kai wa wasu.

Wata safiya muka tarar an wanke barandar, an shafa fenti, har da furannin roba. Wai za a buɗe ofishin taimakon marasa lauya. Manya suka zo, aka yanka ƙyalle, aka tafa. Wata jami'a mai ƙamshin turare ta zagaya cikin mutane, ta kamo hannun Yaya ta zaunar da ita a kujera mai laushi.

"Mama, ɗan yi murmushi," ta ce, mai hoto yana ta ɗauka. "Daga yau kin huta. Duk ranar zamanki ki fara zuwa nan, a shirya ki, a raka ki ciki."

A mota Yaya har da raha. Ta ce mini, "Ka ga, ɗan'uwa, ashe akwai masu tsoron Allah a gidan nan."

Ranar zama na gaba na sauke ta da sassafe na tafi ɗaukar fasinja. Ta wuce kai tsaye ofishin, ta tarar da kwaɗo a ƙofa, ga hotonta manne a jiki tana murmushi. Mai shara ta ce suna zuwa. Ta tsaya, don an ce mata kada ta shiga ita kaɗai. Ofishin yana can ƙarshen ginin, ba a jin kiran masinja daga wurin. Da rana ta take ta gaji ta nufi ɗakin shari'a, masinja ya tare ta yana sakace haƙori.

"Ai an gama, Mama. An kira ki ba kya nan, an ba uban 'yarsa." Sannan ya miƙo hannu. "Babu na shan ruwa?"

Da uban ya zo ɗaukar Kurciya, ta rungume ƙafar keken ɗinki, sai da aka ɓamɓare yatsunta. Yaya ba ta yi kuka ba. Ta ninke kayan makarantar da ta ɗinka mata, ta sa a jaka, ta miƙa wa yarinyar, ba ta ko kalli inda yake ba. Bayan nan in na biyo ta shagon sai in tarar da ita zaune, zare ya ƙi shiga allura.

Wata lauya ce ta kawo ɗinki, ta ji labarin daga bakin mai guga. Ta ce, "Haba! Hukuncin da aka yi ba kya nan ai ana iya neman a janye shi. Ba wanda ya gaya miki?" Ba wanda ya gaya mata. Matar ta rubuta mata buƙatar kyauta, ta nuna mata inda za ta kai, amma wa'adi ya riga ya wuce, sai an fara roƙon a ba ta dama. Aka koma ɗage-ɗage.

Ana cikin haka sai ga motar uban a ƙofar shago. Ya fito da Kurciya, ta rame, kanta ya cukurkuɗe ba kitso, ga kwarkwata. Ya sami aiki a wani gari, kuma ba shi da mai kula da ita.

"Yaya, a ɗan riƙe mini ita kwana biyu," ya ce, ko kunya babu.

Ta dube shi kamar yadda ake duban abin da kyanwa ta amayar. Ta ja yarinyar ciki, ta ɗora ruwan wanka.

Kurciya tana wajenmu yanzu, ta mayar da jikinta. Amma a takarda har yau a hannunsa take, duk ranar da ya ga dama zai iya zuwa ya ɗauke ta, shi ya sa Yaya ba ta daina zuwa kotun ba. Ta ware wani tsohon zani na zuwa can. In ta dawo a bakin ƙofa take cire shi ta jefa a bokiti, kuma ba ta yarda a haɗa shi da kayan yarinyar wajen wanki.