Mazaunin Baya a Jirgin Surukina

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar surukina, mahaifin matata Hadiza, masunci a tabkin Madarumfa. Ba zan rubuta sunansa ba. Ban kira shi yana raye ba, ba kuwa a jarida zan fara ba. Baba nake ce masa, shi ma sai ta kama dole. Jikokina ne suka tuno mini da shi a makon nan. Na same su a ƙofar gida sun haɗa kai a kan waya, suna musu har da tada jijiyar wuya a kan wanda wani ɗan takarar shugaban ƙasa a Najeriya zai ɗauka mataimaki. Ko ɗaya cikinsu ba shi da ƙuri'a a can. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, don na san inda suka gaji wannan ciwo.

Mu mutanen bakin iyaka haka muke. Ana dafa tuwo a Najeriya, mu ne da hura wuta daga nan. A ƙarshen shekarun saba'in sojojin can suka ce za su mayar wa farar hula mulki, aka kuma zo da sabon tsari: duk mai neman shugabanci sai ya fito da mataimakinsa, su tsaya tare. Mu a nan ba mu san wannan kujera ba. Jam'iyya ɗaya muka sani, bayanta soja. Saboda haka muka auna abin da mudun da muke da shi, muka ce ai mataimaki ɗan galadima ne, wato ɗan gida mai jiran gado. Tambayar da ta rage mana kawai ita ce, ɗan takarar nan na arewa da rediyo ke yawan ambato, ƙanensa zai ɗauka ko ɗan wansa.

Baba ne shugaban wannan fahimta. Gajere ne mai faɗin ƙirji, muryarsa tana ƙetare tabki, kuma tun da na san shi bai taɓa yin kuskure ba, in dai shi aka tambaya. Yana da rediyo da yake naɗewa da tsumma, in pil, wato batir, ta yi sanyi ya shanya ta a rana ta farfaɗo. Bayan la'asar masunta sukan taru a gindin kuka suna ɗinkin raga, rediyo na magana, Baba na gyara mata zance.

Mutum ɗaya ne ke ja da shi, Bulus kafinta, Kirista ɗan Maraɗi mai zuwa gyaran jirage. Ya yi aiki a Jos, ya ga duniya. Shi ya ce yana jin mutumin kudu za a ɗauka.

"Kai Bulus, katako ka sani," in ji Baba. "Wa ka ba baƙo bayanshi? Wanda ad bayanka cikin jirgi, in ya so kihe ka, motsi guda za ya yi. Jini aka sawa baya, ba baƙo ba."

Kowa ya ce gaskiya ne. Ni ina can nesa a inda suruki ke zama, na san maganar ni ta shafa fiye da kowane ɗan takara.

Ni ɗan garin Gabi ne, manomi ɗan manomi. Shekarun fari sun cinye mana dabbobi da iri, gonar gado kuma da aka raba, abin da ya zo hannuna bai isa a kira shi gona ba. Na dawo garin matata, abin da namiji ba ya son a faɗa, ina noma fili na aro, da rani in tafi Kano in yi dako. A wannan shekara na gaji. Na yanke cewa da an gama girbi zan kwashi Hadiza da yaranmu biyu mu koma can gaba ɗaya. Ba ta yi mini musu ba. Sai dai ta daina waƙa in tana daka, kullum kuma da uzurin da zai kai ta gidansu. Ita kaɗai ta rayu cikin ƴaƴan Baba, mahaifiyarta kuma ta riga mu gidan gaskiya.

Abu ɗaya ne zai iya zaunar da mu. A daminar nan Allah ya yi wa Idi rasuwa, ƙanen Baba, wanda ke tuƙa masa jirgi tun suna samari. Jirgin sun mutum biyu yake so, mai jefa raga a gaba, mai filafili a baya, kuma na baya yana da kasonsa a duk abin da aka kama. Kason nan zai ci da gida. Amma ga Habu ɗan marigayi Idi, wanda aka haifa da ƙafa cikin ruwa. Ga kuma surukuta: ban taɓa cin abinci a gaban Baba ba, in na hango shi a hanya sai in cire takalmi in ratse, shi kuma ya kau da kai kamar yana duba hadari. Ba ni da bakin roƙonsa, shi ma ba shi da bakin ce mini kada in tafi. Gari kuwa ya samu abin yi. Da an gama zancen mataimakin Najeriya sai a rage murya a koma na mataimakin Baba, duk da kowa ya san Habu ne.

Ranar da labarin ya fito ina wurin. Mai karanta labarai ya ambaci wani suna da ko Bulus sai da ya maimaita kafin ya iya faɗa. Mutumin kudu ne, Kirista, ba ya jin Hausa, garinsu ya fi Yamai nisa. Bulus, Allah ya saka masa, ya ci gaba da feƙe katakonsa kamar bai ji ba. Baba ya ɗauki rediyo ya girgiza ta, ya ce pil ce ta yi sanyi. Ya naɗe ta ya tafi gida, aka kwana biyu ba a gan shi ba, wai ƙafa ke damunsa.

Abin da ya biyo baya daga bakin Bulus na ji, shekaru bayan haka. Baba ya aika ya zo ya duba masa jirgi, alhali babu abin da ya sami jirgin. Suna tsaye a bakin ruwa Baba ya tambaye shi, ba tare da ya dube shi ba, ko ɗan takarar nan ba shi da dangi ne. Bulus ya ce yana da su tuli. To me ya kai shi ɗauko baƙo? Bulus ya ce, a ganinsa, mutanen garinsu nasa ne ko wa ya ɗauka. Waɗancan na nesa ne in bai ba su wurin zama ba za su bi wani. Baba ya daɗe yana kallon ruwa. Can ya ce katakon da na baya ke zama a kai ya tsufa, a sake shi.

Ni ban san an yi haka ba. Hatsi ya shiga rumbu, na yi magana da direban da zai kai mu Jibiya, a hanyar Kano, ranar kasuwa. Da hantsi Hadiza na ɗaure tukwane cikin zane, idonta ja wur, sai ga sallamar Bulus da igiya a hannu. Ya ce in zauna a kan turmi. Na zauna ina mamaki. Ya durƙusa ya auna daga gwiwata zuwa ƙasa, ya ƙulla igiyar.

"Lahiya, Bulus? Makara za ka yi mini?"

"Tsoho yac ce in matsa da katakon baya. Wai ƙahwahun Idi gajeru ne, na ɗan Gabi kuwa kamar na zalɓe."

Ya tashi ya kakkaɓe gwiwa ya fita. Iyakar neman da aka yi mini ke nan. Na juya na ga Hadiza ta zauna daɓas a ƙasa, ta rufe fuska da gefen zane, kafaɗunta na rawa. Ban taɓa jin daɗi da kunya sun haɗu mini wuri ɗaya kamar ranar ba. Na fita bayan gida na yi nawa kukan inda ba mai gani.

Kada mai karatu ya ɗauka an yi zaɓen gwani. Ko iyo ban iya ba. Ranar farko na riƙa juya jirgi wuri ɗaya kamar akuya a turke, masunta na bakin ruwa suna riƙe ciki, wani na ihu, "A gai da Mataimaki!" Sunan ya bi ni har yau, akwai yaran da ba su san ina da wani ba. Baba bai juyo ba. Ashe ya riga ya lissafa abinsa: a jirgi na gaba ruwa yake kallo, na baya kuma ƙeya. Ba ido cikin ido, surukuta ba ta karye ba. In zai ba ni umarni ruwa yake gaya wa, "A yi dama," "A sassauta," ni kuma in amsa wa ƙeyarsa. A haka muka shekara goma sha wani abu, kuma a haka na ji tarihinsa kaf, har abin da bai gaya wa ƴarsa ba.

Habu ya ji zafi, kuma yana da gaskiya. Ya je ya sami Baba, ya ce an wulaƙanta jinin Idi a gaban gari. Hadiza na tsakar gida ta ji amsar. "Kai nawa ne ko kana cikin jirgi ko kana tudu. Kana da gonar ubanka, kana da hannunka. Wancan in ban ba shi wuri ba, tahiya za ya yi da ɗiyata." Habu ya daina gaishe ni har sallah ta zagayo. Daga baya shi ya koya mini iyo, ko da yake na sha ruwan tabki fiye da yadda koyarwa ke bukata. Da ya sami nasa jirgin, ɗana na fari ya ɗauka a baya.

Shi kuwa Baba, ƙafa na warkewa ya koma gindin kuka, ya shaida wa jama'a cewa shi dama tun farko ya san mutumin kudu za a ɗauka, gwada hankalinsu yake yi. Bulus ya ce haka ne, shi ma shaida ne. Har ya bar duniya ba wanda ya ƙaryata shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na san zai karɓi wayar nan ya riƙe ta a juye, ya faɗi wanda za a ɗauka da cikakken tabbaci, ya kuma faɗi ba daidai ba. Amma ina jin wani abu zai dame shi. Yawancin muryoyin da jikokina ke kunna mini, zancensu shi ne kada a ba waɗancan, kada su hau kanmu, wane addininsa kaza, wane yarensa kaza. Wannan ai maganar Baba ce ta gindin kuka, kafin ya yi ciwon ƙafa. Shi da bai shiga lakwal, wato makarantar boko, ba kwana biyu suka ishe shi ya sauka daga kanta. Ban ga abin da zai hana masu digiri ba.

Ban kuma yanke ƙauna ba. A musun nan na ƙofar gida, ƴar autar jikokina mata, wadda ke karatun aikin jinya a Maraɗi, ita ta ce wa ƴan'uwanta in ɗan takara na da hankali zai duba inda aka fi jin an ware su, ya ɗauko daga can. Ba wanda ya ba ta labarin jirgi. Suka yi mata ca, ta tsaya a kan bakanta, hannu a ƙugu, murya har bakin titi. Na dube ta na ga gajarta da faɗin kafaɗa, na ce lalle jini ba ya ɓata.

Me ya rage na Baba? Jirgin ya ruɓe tuntuni, rediyon yara sun kwance ta. Ko ɗan takarar nan da mataimakinsa, ban san yadda suka ƙare da juna ba, mulkinsu ma bai yi tsawon rai ba. Abin da ya rage shi ne gidan nan da nake rubutu a cikinsa, da mutanen da suka cika shi, waɗanda da yanzu ƴan wata unguwa ne a Kano masu cewa kakarsu daga wani gari take a Nijar. Hadiza ta tsufa a garinsu, cikin ƙawayen da suka yi wasan ƙasa tare. Da ciwon ajali ya kwantar da mahaifinta, ba direban mota ya kawo mata labari ba. Tana gefensa, ita ke ɗaga kansa tana ba shi kunu.

Ni ina waje a lokacin, jikin zana, inda ya kamata suruki ya tsaya. Na ji ya tambaye ta ko ɗan Gabi na kusa. Ta ce ina nan. Sai ya ce, da muryar da ta koma ƙarama, "Ki ce mishi na gode da ya zamna."

Shi ya ba ni wurin zama, shi ya ci da ni da ƴaƴana, kuma wai shi ke godiya. Na buɗe baki in ce ni ne da godiya, Baba, abin ya ƙi fita. Hadiza ce ta leƙo ta kan zana, ta ga halin da nake ciki, ta koma ta ce masa, "Ya ji, Baba."

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.