Loretta da Farin Wandon Colby

Duk wanda ya taɓa buga wa kwalejin garinmu na Indiana ƙwallo, Loretta Pruitt ce ta wanke masa riga. A ɗakin wankin filin wasa ta tsufa, tana faɗa da 'yan wasa kan safar da suke cirewa a dunƙule. Kullum maganarta ɗaya ce: "Ni ba uwarku ba ce!" Amma ranar bankwana, da 'yan ajin ƙarshe ke shiga fili riƙe da hannun iyayensu, duk wanda nasa ba su zo ba ita yake nema.

Yanzu ta yi ritaya, yaran sun watse. Wani na bugawa a Texas, wani a Suwidin. Duk safiyar Asabar sai ta jingina wayarta da kwalbar sukari, ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da na leƙa gidanta, Colby Rademacher take kallo, wanda ta raka fili shekarar da mahaifiyarsa ke kwance a asibiti. Ya zura ƙwallo a raga, ya ruga ya zame a kan gwiwoyi cikin laka da farin wandonsa.

Mijinta Vern ya doki tebur. "Tsohuwa, ɗanki ya ci! Yi murna mana!"

Ita kuwa sai ta kai fuska daf da wayar.

"Dubi wandon nan, don Allah," in ji ta. "In ba a jiƙa shi a ruwan sanyi yau ba, ya tashi aiki. Wai wa ke masa wanki a can?"