Akwatin da Baba Isiyaku ya ce in jira damina

Ina cikin wanke mashin da safen nan a bakin tashar Kankia, waya ta shigo daga Yashe. Wai Baba Isiyaku ya rasu bayan sallar asuba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe tsaye da soso a hannu.

Yanzu muka dawo daga kai shi makwancinsa. Jama'a har daga Kaikai da Fakuwa, don ya yi shekaru yana yi wa shanunsu allura kafin ya yi ritaya. Su malamin dabbobi suka sani. Ni kuwa mai ƙananan akwatuna na sani.

Ni ɗan acaɓa ne. Ranar da na fara ɗaukarsa, guntayen katakon maɗaci ya rungumo, irin waɗanda kafintoci ke zubarwa. Na ce, Baba, na girki ne? Ya ce, "Kai ni gida ka ga girkin."

A zaurensa na ga akwatuna jere, kowane bai wuce tafin hannu biyu ba. Murfinsu na zurawa ne, a ja shi ya fito, a tura ya koma. Jikinsu duk zanen ƙwarya, wanda ya ɗauko daga matan rugar da yake zuwa aiki. Da ƙusa mai zafi yake ƙona zanen, layi bayan layi.

Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Wanda ya sauke Alƙur'ani ya ba shi, wadda ta haihu ya ba ta.

Daga nan duk Juma'a da la'asar ina ajiye mashin in zauna wurinsa ina koyon aikin. Bai taɓa tambayata aji nawa na tsaya ba. Da ya ga rula na ba ni wahala, kara ya karya mani ya ce in riƙa awo da shi. In na ɓata katako, sai ya miƙo mani wani, ya ci gaba da jin rediyonsa.

Akwatina na farko cikin rani na yi shi, na Inna ne, mahaifiyata. Na matse murfin tsam, ko iska ba ta shiga. Baba ya juya shi ya ce, "Ka bar ma damina rabonta?" Na ce Baba ai yadda ya kama ɗin nan shi ne kyansa.

Inna ta sa katin asibitinta da maganin ɗigon idonta a ciki. Da ruwa ya sauka, katako ya sha laima ya kumbura, murfi ya ce ba inda za shi. Ranar komawarta asibiti muka yi ta ja, ni da ita. Ƙarshe da taɓarya na fasa shi.

Tun ranar, ko kwano ta ga na rufe sai ta ce, "Sani, a kawo taɓarya?"

Da na ba Baba labari ya yi dariya har da tari. Sannan ya ciro tsohon katin waya daga aljihu, ya zura shi tsakanin murfi da tsagin da yake bi. Ya ce in dai cikin rani kake aiki, sai katin nan ya wuce babu gardama. Wannan ɗan filin ba naka ba ne, na damina ne.

Na sake wani bana, wata uku ina yinsa. Da na gama murfin har girgiɗi yake, raina bai so ba. Baba ya ce kada in ba Inna sai ya sha ruwan Agusta.

Mako biyu da suka wuce na je gaishe shi. Yana kan tabarma, ƙafafu sun kumbura, amma fuska a sake. Ya ce, "Mai taɓarya, ya buɗe?" Na ce Baba tsoro nake in gwada. Ya ce, "To bari a yi irin ruwan nan mai wuni. In ya buɗe ka kai ma tsohuwa, ba sai ka zo nuna mani ba."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Jiya aka wuni ana ruwa. Da na dawo daga maƙabarta ɗazu, na ciro akwatin daga ƙarƙashin gado. Ɗakin duk sanyi, tabarma ma ta yi laima. Na ɗora babban yatsa na tura.

Ya zare sumul. Ba girgiɗi, ba maƙalewa.

Na kai wa Inna. Ta buɗe, ta rufe, ta sake buɗewa. Ina jira in ji zancen taɓarya, sai ta ce, "Allah ya jiƙan Malam Isiyaku." Ta ɗauko katinta ta sa a ciki.

Ya yi tsawon rai, ya cika cikin iyalinsa, hankalina kwance yake a kansa. Allah ya yalwata mashi kabarinsa, ya sanyaya shi, ya sa Aljanna ce gidansa. Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi mashi addu'a, ko bai san shi ba.