Jirgin da Shanun Arɗo Ke Cin Dusa a Ciki

Kakarmu Iya Tabawa ba ta yin tatsuniya sai hannun kowa na aiki. A ƙauyenmu, can gefen Gozaki, in damina ta yi nisa masara ta fara nuna, da an idar da sallar magariba sai mu jikokinta mu cika madafarta. Tana zaune a kan 'yar kujerarta, tana juya ɗanyar masara a garwashi da yatsunta kamar wuta ba ta san ta ba. Mu kuma a zube mana wake a tabarma mu yi ta ɓara. Hayaƙin jiƙaƙƙen itace na sa mu hawaye, ruwa na ɗiga daga bakin jinka, amma ba mai tashi.

Ni ta fi zolaya, don sunan mijinta aka sa mini. Takan leƙo ƙwaryata ta ce, "Maigida, wannan ɗan waken ne za ka riƙe ni da shi? Gobe zan koma gidanmu." In an gama dariya sai ta buga muciya a ƙasa ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu amsa, "A shimfiɗa mata." Daga nan ba ka jin komai sai fashewar masara.

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta Bushiya da Kura. Wata shekara yunwa ta sauka a daji. A hayin kogi kuwa ɗinya da kanya sun nuna har suna zuba ƙasa, amma kogi ya cika ya batse. A bakin gaɓa akwai tsofaffin masakai biyu, irin manyan ƙoren nan da masu fito ke tsallakar da mutane da su, an yar da su don sun tsage. Kura ta ɗauki ɗaya, Bushiya ta ɗauki ɗaya. Kura ta ɗinke nata kafin azahar, ta shafe shi da jar ƙasa, ta yi masa zane, har ba ka ganin inda tsagar take. Bushiya ta cire ƙaya ɗaya daga bayanta ta yi allura, ta ɗinka a hankali, ta liƙe da ƙaro. Sannan ta ajiye masakin a tudu, ta ɗebo ruwa ta cika shi, ta zauna tana kallo.

A nan Iya kan kumbura murya ta yi ta Kura: "Ke Bushiya, jirgi ake sa wa a ruwa, ke kin sa ruwa a jirgi?" Bushiya dai ta ci gaba da duba masakinta. Duk inda ta ga masakin ya yi gumi sai ta kwance ta sake ɗinki. Kwana bakwai tana haka, 'ya'yan zomo da na kurege na kukan yunwa, iyayensu na zaginta. Kura ta shiga nata ana yi mata guɗa. A tsakiyar kogi jar ƙasa ta narke, ruwa ya shigo, da ƙyar ta kai gaɓa tana jan ƙugu, kuma Iya ta ce shi ya sa har yau bayan kura a sunkuye yake. Bushiya kuwa ta yi ta tsallakar da 'ya'yan dabbobi, ko jelar ɗaya ba ta jiƙe ba. Sai Iya ta karkaɗe zane ta ce, "Baƙuwa ta naɗe tabarmarta, ku ma ku naɗe taku."

Iya ta rasu ina makarantar horon malamai. Na dawo gida na kama koyarwa a firamaren ƙauyenmu, na yi aure, shekaru suka wuce. Abin da ya dame ni a aikin shi ne yaran unguwar Arɗo Buba. Tsakaninmu da su wani reshe ne na madatsar ruwa. Da rani yakan janye su ratso da ƙafa, amma daga tsakiyar damina har bayan kaka sai ya cika, kuma zagayen ya fi ƙarfin ƙaramin yaro. Watanni sukan shuɗe bencinsu babu kowa. Kowace shekara sai na sake koya musu abin da suka manta.

Wata rana na je gai da Arɗo, sai na ga shanunsa na cin dusa a cikin wani dogon abu fari da ya koma ruwan ƙasa. Na matsa na duba. Jirgin ruwa ne na faiba, irin abin da ake gyaran gaban mota da shi. Arɗo ya ce wasu ma'aikatan ruwa ne suka bar shi tun yana saurayi, suka kwance injinsu suka tafi. Gefe ɗaya saniya ta taka ya ɓurme, katakon zama ya ruɓe, amma da na ƙwanƙwasa gindinsa sai na ji yana amsawa da ƙarfi.

Na ce, "Baffa, in na kawo maka duro biyu a yanke na zuba wa shanu dusa, ka ba ni wannan?"

Ya dube ni ya ce, "Malam, mi za ka yi da komin shanu?"

"Jikokinka zan ɗauko da shi."

Ya yi murmushi irin na wanda ba ya son ya kunyata baƙo, ya ce in ɗauka.

A amalanke muka kawo shi, ya cinye rabin tsakar gidana, daidai inda matata Binta ke shanya. Na je Funtua wurin wani mai gyaran jikin mota, na yini ina kallon hannunsa. Ya nuna mini yadda ake kankare wuri da samfefa har a kai ga lafiyayyen jiki, a shimfiɗa ƙyallen faiba, a shafa ruwan gam da aka ɗiga wa maganin daskarewa. Ya ce in na cika maganin zai daskare mini a gwangwani, in na rage kuma ba zai bushe ba. Duka biyun sai da suka same ni.

Wata huɗu na yi ina wannan aiki bayan la'asar. Ƙurar faiba ta sa jikina ƙaiƙayi kamar na kwana a cikin ƙaiƙayin gero. Warin gam ya kori kajinmu zuwa maƙwabta. Binta takan toshe hanci ta ce, "Baban Ummi, tuwon ma warin jirginka yake." Amma ita ke riƙe mini ƙyallen in iska na kaɗa shi. Na toshe ɓurmin da shimfiɗa biyar, na sa sabon katakon zama, na ɗaure jarkoki marasa komai a ƙarƙashinsa don ko ruwa ya shiga kada ya nutse. Wani kafinta ya sassaƙa mini filafilai biyu na tuƙi. A ƙarshe na shafa masa fenti shuɗi da farin layi. Masu wucewa da suka saba tambayata ko na koma kiwo suka fara tsayawa suna leƙe. Kaina ya kumbura, na faɗa a masallaci cewa ranar Asabar za a sa shi a ruwa.

Ranar Alhamis da yamma ina zagaya shi ina shafawa, sai muryar Iya ta faɗo mini, tana kwaikwayon Kura. Na tsaya. Na dubi fentin nan mai sheƙi, na tambayi kaina abin da na sani game da abin da ke ƙarƙashinsa. Ɓurmin da ido ke gani kaɗai na gyara.

Da safe muka ɗora shi a kan bulo, ni da Binta muka yi ta jan ruwa a rijiya har ya kusa cika. Na leƙa ƙasa ban ga komai ba, na fara murna. Binta ta ce, "Ƙasar ai a jiƙe take, me za ka gani?" Ta kwaso busasshiyar toka a murhu ta barbaɗa a ƙarƙashinsa. Kafin azahar sai ga ɗigo a jere a kan tokar, tsawon kamu biyu, daidai ƙarƙashin wurin zama na tsakiya. Tsaga ce siririya kamar gashi a ƙashin bayan jirgin, fentina ya rufe ta.

Na zauna a ƙasa. Zuciyata ta ce ɗigo ne kawai, gwangwani ɗaya ya isa a kwashe. Binta ta ce, "Yanzu yana zaune shiru ne. In yara takwas suka hau, igiyar ruwa na dukansa fa?" Na ɗauko samfefa na fara kankare fentin da hannuna.

Ranar Asabar mutane suka taru a bakin ruwa, ni kuma na je na ce musu a yi haƙuri. An yi dariya sosai. Wani ya ce a mayar wa Arɗo kominsa, shanu na jira. Mako uku na ƙara. Na buɗe tsagar, na liƙe ta ciki da waje, muka cika shi da ruwa, toka ta nuna ɗigo biyu. Na sake. A karo na uku ruwan ya kwana biyu a ciki, toka na nan fara fat.

Ranar da muka sa shi a ruwa ban yi shela ba, amma gari ya ji. Na fara loda masa buhunan yashi, ni da wani masunci muka kai shi tsakiya muka dawo. Sannan muka haye. Arɗo na tsaye a gaɓa da sandarsa, iyaye mata a bayansa, yara sanye da kayan makaranta. Ya ce ba yaron da zai shiga sai shi ya fara. Ya tattare riga ya zauna, ya kafa tafin hannunsa a ƙasan jirgin, bai ɗaga ba har muka kai tsakiya. Can ya ɗaga ya duba, ya juya mini tafin. A bushe yake.

Ya ce, "Malam, koma ka ɗauko su."

Sawu biyu muka yi. Da yaran suka sauka a gaɓarmu matan gari suka saki guɗa, Binta a gaba. A ranar na kira sunaye a aji, kowane suna ya amsa. Na juya ga allo na fara darasi.

Muna yara, kowa a madafar Iya yana ɗaukar kansa Bushiya, ba wanda ya taɓa zaton shi ne Kura. Sai da na haura arba'in na gane ashe Kura ba muguwa ba ce a labarin nan. So kawai take a ce ta gama, kuma ta yarda da abin da idonta ya nuna mata. Na yi kusa da zama ita, kwana biyu ne tsakani. Ɗinkin bai ba ni wuya kamar tsayawa gaban mutanen da na yi wa alkawari in ce aikina bai yi ba tukuna. Dariyar ranar nan ta yi mini ciwo har na ƙi fita sallar la'asar. Amma a cikin waɗanda suka yi ta, yau akwai masu miƙo mini 'ya'yansu a bakin gaɓa, su juya su tafi gona ba tare da sun waiwayo ba.