Anti A-Sake da Kwalba Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Ƙarfe bakwai saura kwata take buɗe ɗakin gwaji, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan tana yin haka. Kafin ma ta ajiye jaka sai ta leƙa ma'aunin sanyin firji, ta rubuta abin da ta gani a takardar da ke manne a ƙofarsa. Daga nan ta goge teburin aiki, ta jera ƙananan kwalaben da za a kawo fitsari a ciki, ta liƙa wa kowace lambarta, sannan ta zauna ta feƙe fensir. Mu da ake kira likitoci sai takwas da rabi muke shigowa muna saɓa farar riga, mu tarar komai a shirye, mu ɗauka haka ɗakin yake kwana.

Aikin sashenmu shi ne binciken abin da taba ke yi wa jikin ɗan Adam. Nikotin, sinadarin da ke cikin ganyen taba, yana matse jijiyoyin jini, yana sa zuciya gudu, kuma idan mace na da ciki yana rage jinin da ke isa ga ɗan. In ya shiga jiki, hanta kan juya shi ya zama wani sinadari da ke kwana biyu zuwa uku ana ganinsa a fitsari. Shi muke aunawa. Mu muke rubuta rahoto mu hau mumbari a taruka, amma hannun da ke aunawar nata ne.

A wurin aiki ba wanda ke kiranta da sunanta na yanka. Duk sakamakon da ya yi kyau fiye da kima, ko ya zo a karkace, sai ta ɗaga shi ta kalle shi ta saman gilashinta ta ce, "A sake." Ta faɗa wa ɗalibai, ta faɗa mini, ta faɗa wa Farfesa shugaban sashe a gaban baƙi. Tun muna jin haushi har muka haƙura muka raɗa mata Anti A-Sake, ita kuma ta amsa ba tare da ta nuna ta ji zolayar ba.

Tana da wata ɗabi'a da na daɗe ina yi wa dariya. In mutum ya miƙo mata kwalba, ba kwalbar take fara kallo ba, hannunsa take kallo. Ta gaishe shi, ta tambayi aiki, ta tambayi gida, bayan ya fita ta ɗauki fensirin nan ta yi ɗan rubutu a gefen littafinta. Fom ɗinmu ba shi da gurbin hannu. Na taɓa ce mata, "Anti, in duba kika koma yi ki faɗa mana mu kawo namu hannun." Ta ce, "Naka ai ba abin gani, Ƙaramin Likita. Biro kawai ya sani."

Shekara ashirin da uku da suka wuce, lokacin ina sabon zuwa kuma ina ji da kaina, aka ba ni binciken mata masu ciki. Mun tambayi kowace ko tana shan taba, ko shaƙa, ko taunawa, ko akwai mai sha a gidanta. A cikin waɗanda suka ce a'a ga duka, goma sha biyu gwajinsu ya fito da nikotin mai yawa, irin na wanda sigari ba ya barin bakinsa. Ni ban ga abin wahala a nan ba. Na yanke cewa kunya ce ta sa suka ɓoye, na ja layi a kan sunayensu, na kuma yi abin da har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni. Na rubuta wa kowace wasiƙa cewa gwaji ya nuna tana amfani da taba, ta daina don lafiyar abin da ke cikinta, na sa aka kai gidajensu. Ban tsaya na tambayi kaina wa ke buɗe wasiƙa a waɗannan gidaje ba.

Bayan mako biyu sai ga mai lamba arba'in da bakwai, matar wani kafinta, da cikinta wata bakwai, riƙe da wasiƙar a ninke. Ba ta ɗaga murya ba.

"Likita, ni ko warin sigari amai yake sa ni. Ka rubuta wa maigidana cewa ina sha. Yau kwanana tara a gidan yayana."

Mijin ne ya karanta. Ya ce in har asibiti ya faɗa, to ta daɗe tana cin amanarsa a ɓoye, kuma tana cutar masa da ɗa. Ya ce ta tafi gida sai ya neme ta.

Na gyara zama na ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri, amma na'ura ba ta ƙarya."

Anti tana bayana tana wanke kwalabe. Ta rufe famfo, ta jawo wa matar kujera, ta ba ta ruwa, ta ce, "Zauna, ƙanwata." Sannan ta juyo gare ni. "Na'ura ta ce akwai nikotin a jikinta. Ta ce maka ta baki ya shiga?"

Ta buɗe littafinta ta tura mini. A gefen sunaye goma daga cikin sha biyun nan, da fensir, ta rubuta kusan abu guda: yatsu da baƙin danƙo, aikin shirya ganye. Ashe matan nan a rumfar busar da taba suke aiki. Da sassafe ake kawo ganyen ɗanye, jiƙe da raɓa, su rungumo shi, su tsittsinke, su jera a igiya da hannu tsirara har azahar. A fom ɗinmu kuwa an rubuta musu "aikin hannu" kawai. Na taɓa karanta cewa nikotin na iya ratsa fata, amma na ce mata ɗan abin da zai shiga ta nan bai kai ya kawo wannan adadi ba. Na faɗa da muryar wanda ya ci jarrabawa. Ba ta yi musu ba, ta dai rufe littafin.

Ranar Alhamis ba ta zo aiki ba, abin da ba a taɓa gani ba. Ranar Juma'a ta shigo idanunta sun faɗa, tana tafiya tana dafa bango. Ta jera kwalaben ranar, ta auna, ta kawo mini sakamako in fassara kamar kullum, lambobi ne kawai babu suna. Ta nuna mini guda biyu ta ce in faɗa mata abin da na gani.

"Wannan ta farko tas take," na ce. "Ta biyun kuwa babu tantama mai sha ce. Rabin kwalin sigari a rana, in ma bai fi ba."

"Duka biyun nawa ne," in ji ta. "Ta farko ranar Laraba. Ta biyu yau da safe."

Rumfar ta je. Ta nemi izinin mai wurin, ta naɗe hannun riga, ta zauna cikin matan tun fitowar rana tana jera jiƙaƙƙen ganye. Kafin azahar jiri ya ɗebe ta, ta yi amai sau biyu a bayan rumfa, matan suna yi mata sannu suna cewa haka kowa ke fara wa, jiki ne zai saba. Matar da duk sashen ya san ko kusa da mai hayaƙi ba ta zama, ita ce na tsaya na ba rabin kwali a rana.

Ba ina ba da wannan labari don wani ya kwaikwayi gwaji a jikinsa ba. Farfesa ya yi mata faɗa sosai a ofishinsa, muna jiyo shi ta taga, kuma yana da gaskiya. Amma da ya fito, ya tsaya a tsakiyar ɗakin gwaji, ya kalli takardun da na ja wa layi, ya yi gyaran murya ya ce, "A sake." Ba wanda ya yi dariya sai bayan ya fita.

Ni na ɗauka magana ta ƙare a nan. Anti ta cire farar riga ta ce, "Ɗauko biro. Kai ka rubuta ta farko, kai za ka rubuta ta biyu, kuma da ƙafarka za ka kai." Na rubuta, ta karanta, ta ce na cika kewaye-kewaye. Sai a karo na uku, da kalmar kuskure ta fito fili da sunana a ƙarƙashinta, ta yarda.

Mun tarar da kafintan a shagonsa yana goge ƙafar gado. Bai ba mu wurin zama ba. Na yi bayani ina in-ina, ya saurara har na gama.

"Takarda ce ta fitar da ita," ya ce. "Baki ba zai dawo da ita ba."

Na miƙa masa wasiƙar. Ya goge hannu a riga, ya karanta sau biyu yana motsa leɓe. Sai ya zauna a kan gadon da bai gama ba, ya ce:

"To yanzu ni da wane ido zan kalle ta?"

"Da irin wanda Likita ya kalle ka da shi yanzu," in ji Anti. "Ka ga ai bai mutu ba. Tashi, Malam, rufe shagon, mota na jira."

A ranar matar ta koma ɗakinta. Sauran gidaje goma sha ɗaya ma sai da muka taka su ɗaya bayan ɗaya, kuma a biyu daga ciki mun tarar an kwana ana rigima a kan wasiƙata. Bayan an sake binciken yadda ya kamata, mai rumfar ya yarda a riƙa barin ganye ya sha iska kafin a taɓa, aka kawo safar hannu da riguna masu dogon hannu, aka ajiye ruwa da sabulu, masu ciki kuma aka mayar da su ɓangaren busasshen ganye. Matar kafinta ta haifi 'ya mace, 'yar ƙarama amma lafiyayya. Rahoton ya fita da sunaye biyar a samansa, nawa na biyu. Na Anti yana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, a layin godiya. Na ga hakan a lokacin, na yi shiru, kuma wannan rubutu bai isa ya goge shirun ba.

Anti, ke ce kika koya mini cewa bayan kowace lamba akwai mutum mai gida da miji da suna da zai iya ɓaci. Ke ce mai ido a inda fom ya makance. Ɗalibai nawa suka shigo ɗakin nan suna tsoron "a sake" ɗinki, suka fita suna faɗa wa nasu ɗaliban? Yau fom ɗin sashenmu yana da tambaya a kan abin da mutum ke taɓawa da hannunsa a wurin aiki, kuma ba a aika sakamako gidan kowa, sai dai a kira shi a faɗa masa shi kaɗai. Sababbi suna ɗauka haka abin yake tun asali.

Juma'ar da ta wuce muka yi mata walimar ajiye aiki a cikin ɗakin gwajin, don ta ƙi yarda a kama zaure. Ana cikin jawabai sai ga matar kafinta, ta manyanta, tare da 'yar nan da ta haifa, ta zama doguwar budurwa da ta fi kowa a ɗakin tsawo. Matar ta je gaban Anti ta miƙa mata hannu biyu. Anti ta gyara gilashi, ta juya su ciki da baya, ta ce, "Tas." Sai suka rungume juna, ni kuma na shiga neman abin da ban ajiye ba a cikin aljihu.

Da aka watse ta kira ni gefe, ta buɗe tsohon littafinta, ta zaro wata takarda da ta yi ja saboda daɗewa. Wasiƙata ce ta farko. Ashe tun ranar ta karɓe ta daga hannun matar ta adana.

"Ba don in ƙona maka rai ba, Likita," ta ce. "Ka riƙa nuna wa sababbin zuwa, tun kafin su rubuta tasu."

Mun gode, Anti. Allah Ya saka miki, Ya ba ki lafiyar cin hutunki, ko da yake na san ƙarfe bakwai saura kwata za ki riƙa farkawa kina tunanin firjinmu. Ku kuma da kuke aiki da lambobi, a ɗakin gwaji ne ko a ofis, ku ɗaga kai ku kalli wanda ya kawo muku su, kuma in kun yi kuskure ku taka da ƙafarku ku gyara. Wasiƙar tana manne a saman teburina yanzu, inda duk ɗalibin da ya shigo zai gani. Jiya wata sabuwar likita ta karanta ta, ta yamutsa fuska ta tambaye ni wane ne ya rubuta wannan. Na ce ta duba sa hannun da ke ƙasa.