Ranar da Manomi Ya Koya Mini Golf

Sau uku ina kai wa ƙwallon duka, sau uku ina haƙo ƙasa, ga mahaifin Hadiza tsaye yana kallona. Lokacin nemanta nake yi.

A Tahoua ne, farkon mulkin kai, ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, ana kiran mu malamai Mushe. Wani likita Bature ya bar mini sandar golf, na ɗauko in burge tsohon.

Ya ce, "Mushe, in ina noma, inda kalme ka sauka nika dubi. Kai ko sama kaka kallo. Duƙar da kai, sassauta riƙo."

Na gwada. Ƙwallon ta tashi ta tsallake bishiyar gawo. Don murna na manta kunyar surukuta, na rungume shi ina tsalle, yana ta dariya.

Ku fa, wa ya taɓa gyara muku hannu ba zato?